Bitar adalci da daidaito a wurin aiki: kafin ki kama ɗakin taro

Tambaya: Ni ce ke riƙe da sashen ma'aikata a wani asibiti mai zaman kansa, muna kuma da makarantar koyon aikin jinya. Ƙungiyar da ke tallafa mana ta ce ba za ta sabunta yarjejeniya ba sai mun ɗauko ƙwararre ya horar da ma'aikatanmu kan adalci da daidaito, ta ma ware kuɗin. Tun ba a je ko'ina ba wasu na cewa abin Turawa ne, wasu kuma abin da ya dame su shi ne nawa za a ba da alawus. Shin abin nan yana da amfani kuwa? Ta yaya zan gane ƙwararren gaske?

Amsa: Hajiya, ki karɓi kuɗin, amma kada ki yi gaggawar kama ɗakin taro da yin odar shinkafa da kaza. Da wannan aiki nake ciyar da iyalina, don haka maganar da zan yi ba za ta yi wa aljihuna daɗi ba. Bitar yini ɗaya ko biyu, irin wadda ake tara kowa da kowa a haska majigi, a raba satifiket, a jeru a ɗauki hoto, ba ta canza yadda asibiti ke karɓar mutane. Na yi irinta ba sau ɗaya ba, an tafa mini, an cika takardar jin ra'ayi da yabo, Litinin na zagayowa kowa ya koma ruwa.

Masu cewa abin Turawa ne suna da rabin gaskiya, kada ki yi saurin rufe musu baki. Sana'ar a Amurka ta yi ƙarfi, bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta hana nuna bambancin launin fata, addini, jinsi ko asali wajen ɗaukar aiki. Kamfanoni da yawa sun rungumi horon ne don kare kansu, in an kai su kotu su ce ai mun koyar da ma'aikatanmu. A Afrilun 2018 'yan sanda suka kama wasu baƙar fata biyu a wani shagon shan kofi na kamfanin Starbucks a birnin Philadelphia, laifinsu kawai sun zauna suna jiran wani ba su sayi komai ba. Ranar 29 ga Mayu kamfanin ya rufe shaguna sama da 8,000 na wasu awoyi don horar da ma'aikata. Bayan kisan George Floyd, wani baƙar fata da ɗan sanda ya kashe a 2020, kasuwar masu irin aikina ta buɗe sosai. Daga baya iska ta juya: a Yunin 2023 Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i, a Janairun 2025 kuma Trump ya ba da umarnin rufe ofisoshin daidaito a ma'aikatun tarayya. Na kawo miki wannan ne don ki lura cewa abin da mai ba da tallafi yake yayi bana, baɗi yana iya daina ambatonsa. Kada ki ɗora aikinki a kan yayinsa.

A can ɗin ma an auna amfanin horon. Alexandra Kalev da Frank Dobbin da Erin Kelly sun bi diddigin wuraren aiki 708 daga 1971 zuwa 2002, suka fitar da sakamako a 2006. Horon wayar da kai yana cikin abubuwan da suka fi ƙarancin tasiri wajen kai mata da baƙar fata kujerun shugabanci. Abin da ya fi tasiri shi ne a ɗora wa wani mutum ko wani kwamiti alhakin abin, a san wanda za a tuhuma in ba a ga canji ba. A ƙarshen 2020 gwamnatin Birtaniya ta sanar da daina yi wa ma'aikatanta horon da ake cewa yana cire son zuciyar da mutum bai san yana da shi ba, saboda ba ta ga shaidar yana sauya hali ba. To, idan wani ya zo miki da takardun da ya sauke daga intanet, misalansa duk na baƙi da fari, a asibitin da kowa baƙar fata ne, abokan aikinki sun yi gaskiya.

Inda suka kuskure shi ne zaton matsalar ma shigo da ita aka yi. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, wurin asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. Sashe na 14 shi ne tushen raba daidai, wato rabon guraben aikin gwamnati tsakanin jihohi, akwai hukumarsa tun 1996. Duk wanda ya taɓa neman gurbi a jami'ar tarayya ya san lissafin kashi 45 na cancanta, 35 na yankin da jami'ar take, 20 na jihohin da aka bari a baya a karatun boko, kuma yawancin jihohinmu na Arewa suna cikin masu cin gajiyar kason ƙarshen. Mutumin da ɗansa ya shiga jami'a ta wannan ƙofa bai kamata ya ce daidaito baƙon abu ne ba. (Raba daidai ɗin ma ya koya mana wani abu: ana iya cike kason jiha tsaf da 'ya'yan masu hannu da shuni, ɗan talakan jihar bai ma ji an ɗauki aiki ba.)

Wadda ta fi shafar ki kai tsaye ita ce dokar hana wariya ga naƙasassu ta 2018, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara yadda mai naƙasa zai iya shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Kamfanin da aka samu da nuna wariya tararsa naira 1,000,000, mutum ɗaya kuwa naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Ta ce a layi a fara sallamar mai naƙasa. Ta nemi ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙari kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su zama naƙasassu. Akwai hukumar tarayya da aka kafa a 2020 don sa ido, jihohi irin su Legas da Filato da Kaduna kuma suna da nasu dokokin, sai ki nemi ta jiharku. Ranar da za ki zauna da mai asibitin, da wannan za ki buɗe magana, ba da sharaɗin ƙungiya ba.

Ni ma da wuya na koyi inda ake farawa. A babban aikina na farko na kama ɗakin taro a wani otal, hawa na biyu, ba na'urar hawa bene. Na gayyato wani shugaban ƙungiyar waɗanda shan inna ta taɓa don ya yi jawabi. Sai da samari huɗu suka ciccibe shi da kekensa, suna haki, jama'a na kallo ta taga. Bai faɗa mini baƙar magana ba. Da aka miƙa masa makirufo, kafin ya fara sai ya tambaya cikin raha ko banɗakin a sama yake ko a ƙasa. A ƙasa yake. Har aka tashi taron bai taɓa ruwan gorar da aka ajiye masa ba.

Tun daga ranar, abin da nake fara yi a kowace ma'aikata shi ne zagaye, kuma ba na yarda a haɗa ni da ƙaramin ma'aikaci. A wani asibiti mun aro keken guragu daga ɗakin haɗari, na roƙi babban likitan ya zauna a kai ya tura kansa tun daga bakin get, wata mai amfani da keken tana gaba tana nuna mana. Akwai gangaren hawa, birkila ya liƙa shi a gefen matakala, an shimfiɗa masa tayil mai santsi don ya yi kyau, masu babura sun mai da bakinsa wurin ajiya. Likitan ya yunƙura sau biyu, keken na neman kifar da shi ta baya. Ƙa'idar da aka sani ita ce kowane santimita ɗaya na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Matakala uku masu santimita 15 kowacce sun tashi 45, ke nan gangaren ya kamata ya kai mita 5.4. Nasu bai cika mita biyu ba. Muka isa tagar yankar kati, tana daidai ƙirjin namiji a tsaye, likitan sai muryar ma'aikacinsa yake ji ba ya ganin fuskarsa. Ƙofar banɗaki kuwa keken ko shiga bai yi ba, ana son faɗinta ya kai wajen santimita 90. Gani ya kori ji. Kafin sati ya zagayo an kira magini, ban haska hoton majigi ko ɗaya ba.

A ɓangaren awon ciki na wannan asibitin muka tarar da wata mata zaune a ƙarshen benci, ta zo tun da sassafe, ga shi har an yi azahar. Kurma ce. An ƙwala kiran sunanta sau uku, ba ta amsa ba, aka mai da katinta ƙasa. Babu mugu a cikin nas-nas ɗin, da za ki tambaye su kowacce za ta rantse ba ta da wata ƙiyayya ga kurame, kuma gaskiya ta faɗa. Tsarin kira da baki ne ya tsallake matar. Maganin bai ci kuɗin kirki ba: lamba a hannu, allon da ake ɗaga lambar, da wata alama a jikin kati da ke nuna a je a taɓa kafaɗarta. Abin da ya fi wuya shi ne cikin ɗakin likita, domin surukarta ce ke yi mata tafinta, kuma akwai tambayoyin da mace ba za ta amsa a gaban uwar mijinta ba. A nan sai ki yi hattara da wajen ɗauko tafinta. Yaren hannun da ake koyarwa a makarantun kurame, irin ta Tudun Maliki a Kano, jininsa na Amurka ne, ya biyo sawun makarantun da wani kurma Ba'amurke, Andrew Foster, ya buɗe a Gana a 1957 da Ibadan a 1960. Kuramen ƙasar Hausa kuma suna da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni. Tafintan da ya iya na makaranta kaɗai zai yi ta kaɗa hannu, matar ƙauye na kallonsa. Ki je wurin ƙungiyar kurame ta garinku su nuna miki wanda ya iya biyun.

Bayan zagaye sai fayil. Wannan sashenki ne, kuma a nan ake samun abin da ba a son a gani. Ki ɗauko takardun shekara uku da suka wuce ki zauna da biro. Su waye aka ɗauka, kuma ta yaya suka ji ana ɗauka? A wurare da dama ba a taɓa manna sanarwa ba, a WhatsApp maganar ke yawo tsakanin 'yan uwa da abokan arziki, sai wanda ya zo da 'yar takardar wani babba. Su wa ake turawa kwas, su wa suka shekara bakwai a mataki ɗaya? Wa ke yawan faɗawa aikin dare? Ranar Salla da ranar Kirsimeti, Juma'a da Lahadi, akwai rubutacciyar ƙa'idar rabon hutu, ko sai wanda shugabar nas-nas ke ɗasawa da shi? Ƙarfe nawa ake taron shugabanni? Na san wurin da ake yin sa bayan magariba, sannan ana mamakin yadda mata ba sa neman shugabancin sashe. Dokar Ƙwadago ta ba mai ciki hutun mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aikin, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a yini. Ki duba ko masu shara da 'yan kwantiragi suna samu, ko kuwa ciki na fitowa ake ce musu su je gida su huta, a kawo wata. Haka ɗalibar da ta samu ciki tana tsakiyar karatu: akwai hanyar ɗage zango a rubuce, ko sai yadda shugaban makaranta ya tashi da safe?

Wajen ɗaukar aiki akwai gyara mai arha. A wani gwaji da aka wallafa a 2004, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga masu tallar gurbi a Boston da Chicago, suna canza sunan da ke sama. Masu sunan farar fata sun fi samun kira da kashi 50 cikin 100. Mu a nan ba launi ake karantawa a suna ba, addini da ƙabila da gida ake karantawa, ga takardar shaidar asalin jiha a maƙale. Ki sa a rufe suna da hoto da jiha kafin a tace, a ba kowace takarda lamba. A intabiyu a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kowane alƙali ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin mai gida ya buɗe baki. Ba zai kashe alfarma ba, amma mai son yin ta sai ya yi ta a fili, kuma da yawa kunya za ta hana su.

Sai a nan horo ke shigowa, domin yanzu akwai abin koyarwa. Ba taron kowa da kowa ba: masu gadi daban, 'yan ɗakin kati daban, ungozomomi daban, malaman makaranta daban, awa ɗaya ko biyu, a wurin aikinsu, da Hausa in ita suka fi ji, a kuma maimaita bayan wata uku. Mai gadi ba ya buƙatar lacca kan tarihin wariya. Yana buƙatar ya san cewa makahon da ya tunkaro get mai yiwuwa ganin likita ya zo ba bara ba, kada ya tare shi da «Allah ya ba da haƙuri», kuma in zai yi masa jagora ya miƙa masa gwiwar hannu ya riƙe, kada ya ja masa sanda. Nas ta san da maras lafiya ake magana, ba da ɗan rakiyarsa ba. Kada mai horon ya fara da tuhuma. Duk wanda aka ce masa azzalumi ne a gaban abokan aikinsa, ya toshe kunne ke nan. Ni kan fara da tambayar su ranar da aka taɓa wulaƙanta su a wani ofis, kowa kuwa yana da labari.

Kalmomin biyu ma ki raba su, don cuɗa su ke haifar da gardama. Daidaito shi ne a ba kowa minti goma a gaban likita. Adalci shi ne a gane cewa minti goman kurma rabinsa a tafinta yake tafiya, a ƙara mata. Mutanenmu sun fi jin adalci, kalma ce mai nauyi a masallaci da coci. Ina yawan tuna wa Musulmi cewa Suratu Abasa a kan makaho ta sauka, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda kuma ya yi ladanci, aka sha bar masa riƙon Madina. Sai dai na lura wa'azi kan tsaya a tausayi, shi kuwa tausayi sadaka yake haifarwa. Za ki ga ma'aikaci ya zaro ɗari biyu ya miƙa wa mutumin da ya zo da digirinsa neman aiki. Abin da ake so ya shige shi shi ne haƙƙi. Mafi iya koyar da wannan su ne masu abin, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Garuruwanmu suna da sarkin makafi da sarkin guragu tun kafin a san wata ƙungiya, ga kuma matasa masu ilimi a ƙungiyoyin naƙasassu. Ki sa su cikin masu koyarwa, ki biya su kuɗin malami irin wanda za ki biya ni, ba kuɗin mota ba.

Maganar alawus gajeriya ce. In an yi horon cikin lokacin aiki a harabar asibiti, babu kuɗin zama. Wanda aka kira ranar hutunsa ko ya sauko daga aikin dare, a ba shi na mota. Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne manya. Sukan buɗe taro da addu'a da jawabi su sulale, ko su aiko a sa musu hannu a rajista, a bar masu shara da masinjoji su cika kujeru. An bar jaki ana dukan taiki, domin ba mai shara ke tsara jadawalin aiki ba.

Hanyar ƙorafi kuwa, kada ki yarda da akwatin katako da makullinsa ke aljihun wanda ake ƙorafi a kansa. A samu ƙofa fiye da ɗaya, aƙalla ɗaya mace ce, a rubuta kwanakin da za a ba da amsa, a kuma bayyana hukuncin wanda ya yi ramuwar gayya. Ɗalibanku sun fi kowa buƙatarta, saboda malamin da ke damun yarinya shi ke riƙe da makinta.

Gane ƙwararre ba shi da wuya in kin bar shi ya fara magana. Wanda ya faɗi farashi kafin ya taka asibitin, da adadin mahalarta da yawan kwanaki, ɗan kwangilar bita ne. Na gaske zai nemi ya zagaya, ya ga fayil, ya keɓe da masu gadi da ɗalibai ba a gabanki ba. Ki tambaye shi abin da dokar 2018 ta ce, ki ga ko zai yi inda-inda. Ki tambaye shi aikin da ya taɓa lalace masa, wanda ya ce babu ki sallame shi. Ki ce ya haɗa ki da wurin da ya yi aiki bara, ki kira su, kada ki tambaya ko taron ya yi armashi, ki tambaya me ya canza. Ki kuma ji wa zai riƙe aikin bayan ya tafi. In amsar ba ta ƙunshi sunan wani babba a cikin gida mai ikon taɓa kasafi ba, rahotonsa a durowa zai kwana. Sannan kada ki biya duka a farko, ki riƙe wani kaso sai ya dawo bayan wata shida an sake ɗauko fayil ɗin nan.

Ita kuma ƙungiyar, ki rubuta mata tun yanzu ki nemi izinin karkasa kuɗin: wani kaso na bincike, wani na magini da kafinta da tafinta, sauran na horo. Yawancinsu ba sa ƙi in suka ga tsari a rubuce, abin da za su kai wa nasu iyayen gidan suke nema. Ki haɗa musu da hoton gangarenku da awonsa. Tef ɗin awo yana wurin kowane tela, gobe da safe kina iya arowa.